Zoɓon Hajiya Kuluwa

Tun da manyan jirage suka fara isowa Yawuri, doka ɗaya ce: ruwan da aka wanke bututun hayaƙin jirgi da shi ba ya shiga kogi sai ya bi ta tankin Hajiya Kuluwa, an zuba masa maganin da ke cinye dafin.

Malam Tanimu, matuƙin jirgin albasa, sauri yake yi. Ya leƙa tankin, ya ga baƙin ruwan da ya kawo ya koma garau.

"Hajiya, a sake shi mana. Ba launi, ba wari. Ai ko alwala a yi da shi."

Ta ɗebo ruwan a kofi, ta tsiyaya zoɓon da take sha. Jan ya bazu, nan take ya ɓace kamar ba a zuba ba.

"Maganin bai ƙoshi ba, Malam. Ya gama da dafin, yanzu abin ci yake nema, kuma ba kifinmu zan ba shi ba. Sai zoɓo ya tsaya ja zan buɗe famfo." Ta miƙa masa kofin. "Bismilla, yi alwalar."

Tanimu ya dubi kofin, ya cusa hannayensa cikin aljihu.