Mai Ginin Tukwane da Abin da Ya Hau Ƙirjinta

Ka ce ciwon ƙirjin nan zai wuce da kansa. To zauna ka ji. An yi wata mai ginin tukwane da ke ɗibar yumɓu a wani kududdufi a bayan gari, gindin tsohuwar tsamiya, inda mutane ba sa son zuwa idan rana ta take. Ran nan aiki ya sha mata kai, ta je da tsakar rana. Wurin tsit, ko kukan tsuntsu babu. Tana sunkuye sai ta ji kamar an ɗora mata dutsen niƙa a ƙirji. Wani abu ya kama hannunta na hagu, ya bi kafaɗa ya haura har muƙamuƙi. Gumi mai sanyi ya keto mata, ga tashin zuciya, numfashi yana yankewa. Ta waiga, ba kowa sai inuwar tsamiya. Nan take ta sa a ranta cewa mutanen ɓoye ta taka.

Da ƙyar ta ja jiki gida, ta sakaya ƙofa, ta turara ɗaki da hayaƙi, ta ƙi gaya wa kowa, don an ce ambatonsu kiransu ne. Maƙwabciyarta ta leƙo, ta ga tana dafe da ƙirji, fuskarta ta yi fari kamar toka, ta ce, "Yaya, haka ya yi wa maigidana. Zuciya ce. Tashi mu tafi asibiti yanzu." Mai ginin tukwane ta girgiza kai, ta nuna mata ta yi shiru kada mutanen ɓoye su ji. Motar kasuwa da za ta iya kai ta asibiti ta zo ta wuce tana jin ƙararta. Sai bayan la'asar, da ta daina amsa kira, aka ɗauke ta. Likita ya ce jijiyar da ke kai wa zuciya jini ce ta toshe, kuma da an kawo ta da wuri akwai yadda ake buɗe ta. Ba ta kai magariba ba.

Har yau ba mai ɗibar yumɓu a kududdufin nan. Ciyawa ta rufe hanyar, mutane suna kewaye tsamiyar da addu'a a baki, alhali abin da ya kashe ta yana kwance a ƙirjin wasunsu, suna tafe da shi. Gaskiyar masu iya magana, rashin sani ya fi dare duhu.