Wanzamin da Ya Sauya wa Gidan Ubansa Jingina

Ajiye takardun nan tukuna, Tanimu. Ka ce wani banki zai biya maka bashin gidanka, ka koma hannunsa, biyan wata ya yi sauƙi. Ni ban ce ka yi ba, ban ce ka bari ba. Bari dai in ba ka misalin wani wanzami.

Shekarar da ciwon mahaifiyarsa ya tsananta, wanzamin nan ya jinginar da gidan da ya gada ga wani tsoho mai sayar da hatsi, aminin marigayi ubansa. Ka san jingina: mai kuɗi ya riƙe gida yana mora, ranar da aka mayar masa da kuɗinsa ya miƙo mabuɗi. Uwar ta rasu duk da haka, wanzami ya kwashi iyalinsa ya kama haya a bayan tasha. Tsohon bai taɓa komai a gidan ba. Buhunan gero ya jibge a ɗakuna, in bazara ta zo ya sa a yi yaɓe, shi ke nan. Wanzami kuwa duk abin da aska ta kawo, na suna da na kaciya da na ƙaho, sai ya raba biyu, rabi ciki rabi asusu. Shekara biyar yana haka, saura kamar biyu ya fanshi abinsa.

To amma bege ba ya jin lissafi. Duk inda aka kira shi aski sai ƙafa ta bi da shi ta lungun gidan, ko da zagaye ne. Ya tsaya kamar mai gyara ratayar zabira, alhali zauren yake kallo, inda ubansa ya fara damƙa masa aska ya ce ya koya a bayan ƙwarya. In aka yi ruwan fari, ƙamshin jiƙaƙƙiyar katangar ya bi shi har gidan haya. Abin da ya fi cin ransa, 'yar autarsa a haya aka haife ta, ba ta taɓa taka ɗakin kakar da aka sa mata sunanta ba. Matarsa takan ce, "Malam, gidan nan fa ba shi da ƙafa, yana nan yana jiranka." Ya ce ya ji, gobe kuma ya koma lungun.

Ana nan, wani attajiri da yake yi wa aski ya gano inda ke masa ƙaiƙayi. Ya ce zai biya tsohon nan kuɗinsa kaf, jingina ta dawo hannunsa, wanzami ya tare a sashen baya tun gobe ba haya. Sharaɗi biyu ne: gaban gida na attajiri ne ya mora, kuma duk gyaran da ya yi za a ɗora a kan kuɗin fansa. Bawan Allah "tun gobe" kawai ya ji, sauran zancen ya bi iska. Ranar da aka kai wa tsohon nan kuɗinsa, ya karɓa, ya daɗe yana duban wanzami, ya ce, "Da ka ƙara haƙuri, ɗan nan."

Makon farko wanzami kamar ango. Yana zagaya gida yana shafa bango, yana nuna wa yarinya inda kakarta ke tankaɗe. Sai magina suka iso. Kuma ka lura, attajirin nan ba azzalumi ba ne, abin da aka rubuta a gaban shaidu shi ya yi. Ya ce soro yana yoyo, aka sauke azara aka buga kwano. Ya ce katanga ta tsufa, aka ja bulo. Zaure ya zama shaguna uku masu ƙofar ƙarfe, tsakar gida ta sha siminti, kowane buhu da takardarsa. Asusun da ya kusa fansar gida, yanzu ko kuɗin kwano bai kai ba. Maƙwabta na tare shi suna yi masa barka, gida ya yi kyau, shi kuma yana amsawa da murmushin da ya fi kuka ciwo.

A ɗakin bayan nan ya tsufa, hannu ya soma rawa, aska ta gagara. Na taɓa jin sa yana cewa da can gidan yana nan shi ne ba ya ciki, yanzu ga shi a ciki, gidan ne babu.

Saboda haka, Tanimu, na san ka ƙosa ka numfasa. Koma ka karanta takardun nan tun daga sama, ba layin da ya yi maka daɗi kaɗai ba. Ka duba shekara nawa ta rage maka a inda kake, nawa za ta zama in ka tashi. Hausawa suka ce, sauri ya haifi nawa.