Sakamakon Auta

Likita ya shigo da takarda a hannu, ya tsaya daga bakin ƙofa.

"Sakamakon gwaji na biyu ya dawo," ya ce. "Ba kansar ƙashi ba ce, a gwajin farko aka yi kuskure. Ƙwayar cuta ce, magani kawai take buƙata."

Wata huɗu muna roƙon Allah mu ji wannan magana a kan autarmu, 'yar shekara goma sha biyar. Amma Baba ya sulale ya zauna a ƙasa.

Kaka ce kaɗai ta rangaɗa guɗa. Da safen nan ta iso, kuma saboda hawan jininta mun ɓoye mata abubuwa da yawa.

"Alhamdulillahi! Ku kuma wane irin mutane ne, ana muku albishir kuna zumɓura baki? Ke 'yar nema, tashi ki taka mu tafi gida!"

Auta ta kalle ta, sannan ta yaye bargon da ta rufa da shi a hankali.

"Da wace ƙafar, Kaka? Tun ranar Talata suka yanke ta."