Magen da Ta Ƙi Mutuwa

"Duka ɗaya zan yi mata ta mimmiƙe," in ji Mai Kushin, yana gyara hular kwanon da ya shafe da fentin azurfa. "Ni fa tun ina yaro, in muka haɗu da mage sai an canza hanya."

Gaskiya ya faɗa, sai dai bai ce wa ke canzawar ba. Ko bara da kyanwar maƙwabta ta leƙo shagonsa, a kan teburin yankan soso aka same shi, wai ƙwan lantarki yake dubawa.

'Yarsa, malamar firamare, ita ta rubuta wasan da iyaye za su yi ranar ba da hutu. 'Yan sama jannati sun sauka a wata matacciyar duniya, sai suka tarar da baƙar mage kamar maraƙi, da dogayen hannaye biyu kamar igiya a kafaɗunta, ba ta cin komai sai ɓargon mutum. Mai Kushin ya ce in ba shi ne kyaftin ɗin da zai kashe magen ba, a fasa. Rigar dodon ma shi zai ɗinka, kyauta.

To, baƙin karammiski ya ƙare a shago. A falon gidansa kuwa ga labule biyu na baƙin karammiski, gadon matarsa daga mahaifiyarta, waɗanda ko jingina da su ba a yi. Ranar da ta sauke su don a kai wanki, ya ce ta kawo, ai hanyarsa ce. Hanyar ta bi da su ta bakin almakashi.

Da ta tambaya, ya riƙe haɓa, ya ce mai wanki ya ɓatar. Ta je har rumfar bawan Allah ta wanke shi tas, ta kwashe kayanta, maƙwabta suka bi sahu. A ransa Mai Kushin ya ce a dai wuce wasan lafiya, daga nesa ai baƙi baƙi ne.

Mutum ɗaya ya san maganar: amininsa mai aski, wanda zai shiga rigar. Mai aski kuwa akwai riƙon amana, muddin ba kowa a kan kujerarsa.

Ranar wasa da la'asar zauren makaranta ya cika. Mai Kushin ya zagaya bayan dandamali, ya iske dodo har ya shirya, yana zaune shiru.

"Mutumina, ka tuna, duka ɗaya ka faɗi," ya raɗa masa. "Kuma ban da matsawa gaba. Hajiya tana layin farko, in ta gane labulenta, a shago zan koma kwana." Ya shinshina. "Kai, wannan ƙanshin sabulu fa? Don za ka mutu har da wanka?"

Dodo dai ya miƙa hannu ya daidaita masa kwalar riga, ya shafe wata 'yar tattara a kafaɗa.

Aka buɗe fage. Kyaftin ya fito daga kumbon kwali yana taku ɗai-ɗai. Mage ta taso, yara suka sa ihu. Ya ɗaga bindigar katako ya ƙwala mata a ka.

Ko gezau.

Ya ƙara. Sai ta cafke shi, ta naɗe, ta murɗe shi ta wannan gefen, ta sake murɗewa ta wancan, har ya ji gumi na tsiyaya. Ta ɗaga shi ta maka a kan katako, ta juya shi, ta sake makawa.

"Ka mutu mana!" ya ce ta gefen baki. "Haka muka yi da kai?"

Ta dirje shi a kan gwiwarta.

Nan wani tunani ya zo masa. Wa zai riƙe shi a zuci haka in ba mai labule ba? Ya karkato da kai ya leƙa layin farko. Ga Hajiya can, tana dariya har da share hawaye. Ya sauke ajiyar zuciya.

Sai ya ga wanda ke kusa da ita yana tafi. Mai aski.

"Wayyo Allah, ta gaske ce!" Kyaftin ya fizge ya ɗare kumbo, kumbo ya lotse da shi. 'Yarsa ta rufe fuska da takardun wasan. Mage ta tsamo shi ta kafaɗu, ta kakkaɓe shi sau biyu, ta rataye shi ta bayan riga a ƙugiyar taswira, ƙafafu na reto.

Sannan ta tako har bakin dandamali, ta tsaya daidai gaban Hajiya. Dariyar Hajiya ta ɗauke, idonta na kan yadin. Mage ta sa hannu biyu ta cire kanta, ta rusuna cikin ladabi.

"Hajiya," in ji mai wanki, "ga labulen da aka ce na ɓatar. A goge ne, ko a kawo haka?"