Maharbin da Ba Ya Cikin Bugu na Huɗu

Malam Hashimu, tun da ka ce sai ka gyara tsarin ƙungiyarku har ƙorafi ya ƙare ƙaf, bari in ba ka labarin wani tela da na sani a Zariya. Shi da abokansa uku suna da wani wasa da suke yi a kan teburin yankan yadinsa duk Asabar bayan la'asar. Wasan labari ne. Kowa zai ɗauki mutum guda na ƙage ya zama shi, wannan mayaƙi, wancan mai magani, su kutsa dazuzzuka da kufai. Tela ne ke ba da labarin yana riƙe da littafin dokoki, in an zo inda ba a san ko mutum zai tsira ba, sai a jefa ɗan lido ya raba gardama. Littafin farko siriri ne, duk ya yi baƙi da maiƙon hannu, dokokinsa kuwa babu tausayi, kibiya ɗaya kan kashe wanda aka daɗe ana reno. A cikinsu akwai wani tsohon direban babbar mota da haɗari ya raba da ƙafafunsa, a keken guragu ake turo shi. Shi maharbi ya ɗauka, mai tafiyar ƙasa da kare a bayansa, kuma shekara da shekaru maharbin nan bai mutu ba, don mai shi ya san abin da ake kira tsoro. Matar direban ta taɓa gaya wa tela cewa ranar Asabar ce kaɗai mijinta ke neman a goge masa riga.

To amma tela mutum ne da ba ya iya ganin zare ya zarce bai datse ba. Ɗaya daga cikinsu, mai gyaran rediyo, yana yawan mita wai mutanensa na saurin mutuwa, don haka da masu buga littafin suka fitar da bugu na biyu, tela ya sa aka aiko masa. A cikinsa mutuwa ta yi wuya, ko zaki ya kayar da kai za ka miƙe. Sai na ukunsu, wani malamin asibiti, ya soma hamma, ya ce dajin da ba ya kisa ai lambu ne, ya daina zuwa. Bugu na uku ya zo da kauri kamar bulo, kowane sara da lissafinsa, a kira magariba ba a gama faɗa ɗaya ba. Mai rediyo ya gaji da jiran a nemo shafi, ya koma gidan kallon ƙwallo. Tela ya ce na gaba zai daidaita komai. Na huɗu ya iso fes, mai sauƙi, mai hotuna, sai dai da aka duba babu maharbi a ciki, an narkar da shi cikin wani sabon jarumi mai sihiri. Tela ya tsara wa direba jarumin ya miƙa masa. Direba ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Malam, wannan ba shi ba ne. Ina karen?" Tela ya ce sabuwar doka ba ta san da kare ba, a daure a gwada. Direba ya daure ya gwada, daga baya ya aiko cewa hanya ta lalace, keke ba ya bi.

Sai a lokacin tela ya tuna da tsohon littafi. Ya buɗe akwatin da ya jefa shi, ya tarar gara ta bar masa bango kawai. Ya tafi gidan direba ya ce zai yi wasan da ka, yadda suka saba. Ya same shi kwance, fuska na kallon garu. "Bar shi, Malam," in ji direba. "Maharbin ya yi nisa, ni kuma ba ni da abin bin sa." Damina ba ta fita ba aka yi masa sutura. Har yau in ka bi ta shagon ranar Asabar za ka ga tela ya share tebur ya zauna, ba mai shigowa sai masu karɓar ɗinki.

Kafin ka taɓa tsarin nan naku, fara duba wanda ke jingine da shi. Hausawa sun ce garin neman gira aka rasa ido.