Jarka Daga Diffa

Dillalin shanu ya dire jarkar a gabana, ya ce, "Baba, ga saƙonka daga Diffa. Duk shingen da muka zo sai soja ya shinshina, wai ko fetur ne."

Da aka ƙone garinmu, Diffa ta Nijar muka gudu. A can na haƙa wa 'yan gudun hijira rijiya da hannuna, ni ne kuma mai yashe ta duk shekara. Daga baya ɗana ya ɗauko ni ya kawo ni unguwar Bulumkutu a cikin birni, inda ruwa ke zuwa ta famfo, ni kuma aikina zaman tabarma.

Na ce masa zan koma, rijiyar za ta cike in ba ni. Ya ce hanya ba lafiya, ana tare motoci. Sai muka yi sharaɗi, a kawo ruwan in ɗanɗana. In ya lalace zai bar ni in tafi, in yana da kyau in zauna.

Ɗana ya tsiyaya min ruwan jarkar a kofi, na kurɓa. Ruwan garau yake, babu ko warin laka. Waɗanda na koya wa aikin sun iya, har sun fi ni.

"Yaya, Baba?" in ji ɗana, yana miƙo hannu shi ma ya ɗanɗana.

Na tofar, na sa ƙafa na ture jarkar, na tsaya a kanta har ƙasa ta shanye ruwan.

Na ce, "Laka ce zalla. Ɗauko min igiyata ta shiga rijiya."