Dandamalin Tanki

Saura ƙusa huɗu kafinta ya gama dandamalin katakon da za a ɗora tankin dizal, sai maigidan ya fito. Kwana uku ke nan yana azalzalarsa ya yi sauri. Matar maigidan da na'ura take numfashi, wutar lantarkin Kuje kuwa ba tabbas, don haka ba ya son mai ya yanke wa janareta.

"Oga, kafin la'asar za mu ɗora tankin, in sha Allah," in ji kafintan.

Maigidan ya wuce ya kashe janaretan, gidan ya yi tsit. Ya daɗe yana shafa katakon.

"Aikinka ya yi kyau," in ji shi. "Ɓamɓaro mini faffaɗan allunan katakon nan guda shida. Da su za mu rufe kabarinta."